Yayata da Fom Shida na Orozo

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: a labarin nan ni ne wawan. Idan kun ji an tafka wauta a ciki, kada ku wahalar da kanku wajen neman mai ita. Ga ni nan, autan gidanmu, direban gwamnati mai ritaya, wanda ya yi aji huɗu na firamare ya ce ya ƙoshi. Wadda zan ba da labarinta kuwa yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta, in dai za ta yarda ta huta ɗin, don ni ban taɓa ganin ta yi ba.

Da hantsi ta rasu a gidanta na Kubwa, aka kai ta bayan La'asar. Kwana uku muka yi muna zaman makoki, ni kuma kwana ukun nan zama ya gagare ni. In zauna a tabarma, in tashi in gyara rumfa, in dawo, in sake tashi in duba ko ruwan buta ya ƙare. Har maiɗakina ta aiko a gaya mini in rage zirga-zirga, kada mutane su ce halin marigayiya ne ya dawo kaina.

Mutanen ma'aikata sun zo, manyan motoci suka cika layin. Kowa ya yi addu'a ya shafa, sai ya ce Hajiya mutuniyar kirki ce, sannan ya ƙara da cewa amma fa akwai kafiya. Wani tsohon darakta da na san sun sha karawa ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce tun da ta yi ritaya taron kwamiti ya koma minti arba'in an tashi, amma shi bai ƙara fitowa daga taro ya ji ya yi aiki ba. 'Yarta ta fari kuwa tana kuka tana dariya, wai a kwanciyar ƙarshe da ta yi a asibiti sai da ta tsare nas da tambaya, a wace makaranta ta yi, kuma wa ya fara lura tana da ƙwaƙwalwa.

Ran sadakar uku da safe wata tsohuwar bas ta tsaya a bakin layi. Mata suka yi ta fitowa, 'yan ƙabilar Gbagyi daga wajen Orozo, kowace da doya a kafaɗa. Wasu da gicciye a wuya, wasu da hijabi, wasu babu ko ɗaya. Maƙwabta suka yi ta tambaya ko dangin mijinta ne. Ni na san su. Da na hango tsohuwar da ke gabansu, sai na ji ina ma ruwan buta ya sake ƙarewa in sami hanyar ɓuya. Sai na koma baya za ku gane dalili.

Yaya ita ta yi karatu a gidanmu, ni na gudu tasha. Ita ce kuma ta samo mini aikin tuƙi a ma'aikatar da take, a shekarun farko na dawowar mulkin farar hula, lokacin da Abuja ke tashi kamar ana hura ta. Ka bi hanya yau fili ne, ka dawo wata mai zuwa bene ne, kowa da wayar salula a kunne ko ba ya magana da kowa. A ofis Madam nake ce mata, a mota in ce Yaya. Ita kuwa ko a gaban wa, Auta ne, har da furfurata.

Ba ta iya zama ba. A bakin kujera take ɗosana jiki, kamar wadda aka ce mata za a zo a karɓe kujerar. A jakarta kullum akwai alli da soyayyiyar gyaɗa, a but ɗin mota kuma takalmin roba saboda hanyar ƙauye. In aka je biki, mata suna ciki ana ta hira, ita tana bayan gida ta tara 'ya'yan mutane tana yi musu tambayoyi. Ba ta tambayar yaro na nawa ya zo a aji. Sai ta ce ya gaya mata abu ɗaya da ya sani wanda ita ba ta sani ba.

Gwamnati tana da makarantar kwana ta yara masu hazaƙa, kyauta, ana shiga da jarrabawa daga ajin ƙarshe na firamare. Yaya tana cikin kwamitin da ke raba fom da tace sunaye. Kowace shekara jerin sunayen kusan iri ɗaya ne: 'ya'yan ma'aikata, daga makarantun cikin gari. Sai ta shigo mota da takardar tana kaɗa ta, ta ce, "Auta, kana ganin inda kwalta ta ƙare, nan rabon ƙwaƙwalwa ya ƙare?" Ni kuma in ce mata wataƙila, don in tsokane ta. A zuciyata kuwa ba tsokana ba ce, haka na ɗauka.

A lokacin Gwari nake ce wa mutanen, kamar yadda na taso na ji ana faɗa. Duk sanda na faɗa sai ta ce Gbagyi, shi ne sunan da suke kiran kansu. Ta ce a gonakinsu aka gina ofishin da nake goge mota a gabansa, ƙaramin ladabi shi ne in iya sunansu.

Wata damina muka je wata makarantar firamare a bayan Orozo. Malamin aji shida ya kai matarsa asibiti, muka tarar da wata yarinya siririya a gaban allo tana koya wa 'yan ajinsu lissafi. Ba da littafi ba. Gona ta zana, ta jera kunyoyin doya layi-layi, tana nuna musu yadda za su san yawansu ba sai sun bi ɗaya-ɗaya ba. Ta yi bayani da Gbagyi, wanda bai gane ba ta juya masa da Hausa, sannan ta rubuta amsar da Turanci. Yaya ta tsaya a taga har yarinyar ta gama. Sai ta shiga, ta ciro allinta, ta zana gona mai kusurwa uku, ta ce wannan fa? Yarinya ta ƙura wa allon ido. Can sai ta zana wata gonar irinta, ta juya ta, ta manna su suka zama mai kusurwa huɗu, ta yi lissafinta ta raba biyu. Hedimasta ya rantse ba a koya musu wannan ba. Ni dai ban gane me aka yi ba.

Nan muka wuni. Ta gwada ajin kaf, ta ware yara shida, yarinyar nan ce a gaba. Da yamma muka bi ta gidansu, don kakarta ce ke riƙonta. Muna tsaye sai ga tsohuwar ta dawo daga daji da ɗaurin itace a kafaɗa, yadda matansu suke yi, don su ba sa ɗora kaya a ka. Ina jingine da mota kusa da hedimasta, sai na ga ga damar nuna masa ni ma na iya magana. Na ce wai ni mutanen nan, Allah Ya ba su kai amma ba ya ɗaukar komai, ciki da waje. Na yi dariyata ni kaɗai. Tsohuwar ta tsaya, ta dube ni daga hula har takalmi, ta wuce ba ta tanka ba. Na ɗauka ba ta jin Hausa, a garin da ko kaji Hausa ake korar su da ita.

Yaya ta yi wa tsohuwar alkawari a ƙofar gidanta cewa takarda za ta zo, jikarta za ta zauna jarrabawa. A hanyar dawowa ta yi mini bayani a tsanake, abin da ya fi zagi ciwo. Ta ce a wajensu kai shi ne ke ɗauke da tunanin mutum, aikinsa ya ishe shi, ba a ƙara masa da itace. Ta ce mutanen da suka girmama kai har haka, su ne ba mu taɓa tambayar me ke cikin na 'ya'yansu ba. Na ce to, na ji, na ƙara wa rediyo murya.

Fom ɗin a ƙidaye suke, kowanne da lambarsa. Sai da ta yi faɗa a kwamiti kafin ta sami shida. Ta sa su a ambulan ta ba ni, don za ta yi tafiyar aiki ta mako guda. Ta ce daga hannuna sai hannun hedimasta. Ranar an yi ruwa, na tuna laka da ramukan hanyar, na ce gobe ma rana ce ta aiki, na tsaya Jabi wajen abokaina direbobi na ci tuwo.

Washegari a wurin ajiye motoci wani oga ya yafito ni. Mutumin nan shekara uku ina gaishe shi, bai taɓa amsawa da baki ba, sai dai ya ɗaga mabuɗin mota. Ranar sai ya ce mini Alhaji. Ban je Makka ba a lokacin. Ya dafa ni, ya tambayi iyali, sannan ya ce ya ji fom ya ƙare, ga nasa yaran, ga na surukinsa, ga na wani abokinsa, ya kuma ji ni ne na kusa da Madam. Na ce ranka ya daɗe, ai wannan ƙaramin abu ne. Na buɗe mota na miƙa masa ambulan ɗin yadda yake. Kada ku ce wani abu ya ba ni. Da ya ba ni, da yau na ce muku talauci ne. Alhaji kawai ya ce mini.

Na gaya wa kaina 'yan ƙauye ne, ga aikin gona, wa zai tuna da wata takarda, kuma ko sun zauna ba ci za su yi ba. Da Yaya ta dawo ta tambaye ni, na ce na kai.

Kwana ɗaya bayan an rufe karɓar fom, mun fito daga ofis bayan Azahar, sai Yaya ta ce in tsaya. Ga tsohuwar nan a bakin get da jikarta, da doya biyu a kafaɗa. Tun safe suke tsaye. Masu gadi sun ɗauka talla ta kawo, sun ce ta matsa gefe. Ta matso jikin gilashi, ta yi magana da Hausarta ta mutanen wajen, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Hajiya, kin ce takarda zai zo. Mun jira, bai zo ba. Ga yarinya na kawo. In kin canja magana ne, ki faɗa mata da bakinki."

Ta madubin mota Yaya ta dube ni. Na taɓa yin hatsari sau biyu a rayuwata, ko ɗaya bai kai wannan kallo ba.

Ta ba su haƙuri, ta ce maganarta tana nan, ta sa na mayar da su gida. A dawowa, daidai Nyanya, ta ce in gangara gefe. Ta tambaye ni wa na ba, na faɗa. Ta tambaye ni a kan me, na ce ya ce mini Alhaji. Ta yi wata irin dariya da ban so jinta ba, ta ce ko ɓarawo yana da dalilin da za a iya faɗa wa mutane, ni kuwa na bar ta ba ta da abin gaya wa tsohuwar nan. Ta buɗe ƙofa ta fita, ta hau bas.

Wata biyu ba ta shiga motata ba. Kowace safiya ta fito Kubwa ta bi layin bas da sauran ma'aikata, wani lokaci a tsaye har cikin gari, mace mai jikoki da ciwon gwiwa. Ni kuma ina bin bas ɗin a baya da motar gwamnati babu kowa a ciki. Kwandastoci har sun san ni, suna ɗaga mini hannu.

Abin da ban sani ba sai daga baya, ta rubuta wa kwamiti cewa sakacinta ne, ta aika da fom ba ta bi sawu ba. Ba ta sa sunana ba. Aka ba ta takardar tuhuma, ƙarin girman shekarar ya wuce ta. Da ta sa sunana, da ba ni da fanshon da nake ci yau. Fom ɗin kuwa an riga an cike an miƙa, ta ce ba za ta nemi a soke su ba, waɗancan yaran ma ba su yi laifin komai ba. Abu ɗaya take nema, a bar yaranta su zauna.

Ciyaman ɗin kwamiti ya ce an rufe, doka doka ce. Sai ta je ta zauna a bencin ƙofar ofishinsa. Kullum ta gama aikin tebur ɗinta ta je ta zauna, ba ta cewa komai, in ya fito ta gaishe shi. Matar da ba ta iya minti biyar a kujera, ta yi kwana tara a benci. Bawan Allah har ta ƙofar baya ya koma fita. Ran na goma ya ce wani yaro ya janye, an yi wa ubansa canjin wurin aiki, saboda haka akwai gurbi ɗaya tak. A kawo yarinyar ya gani da idonsa, in ta kasa kada ya sake ganin Hajiya a bencinsa.

Ina bakin ƙofa ranar, don ni na ɗauko su. Yarinya ta sunkuyar da kai, ana tambayarta suna tana amsawa a ciki. Wani ɗan kwamiti ya ce ku duba, ko mutum ba ta iya kallo. Yaya ta ce masa a gidansu kallon babba cikin ido rashin kunya ne, kamar yadda yake a gidanku kafin ka zo Abuja. Aka ba yarinyar takardar jarrabawar bara. Tambayar farko a kan lif ce, wato akwatin nan da ke hawa bene da mutane, ya hau bene kaza ya sauko kaza, a wane hawa ya tsaya. Yarinya ta riƙe fensir ta kasa motsi. Can ta tambaya a hankali, mene ne lif. Wasu suka yi murmushi. Ni kuwa na san in ta faɗi a nan, ni na kayar da ita.

Yaya ta ce, "Ku nuna mata abin, sannan ku ga ko lissafin ne ba ta iya ba."

Sai ciyaman ya tashi da kansa, ya ce yarinya ta biyo shi. Allah Ya sa akwai wuta. Suka hau har sama suka sauko, ta dawo tana riƙe da cikinta, ta zauna, ta amsa tambayar kafin ya gama gyara babbar rigarsa. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ya duba, ya sake dubawa, ya sa hannu. A wajen ne Yaya ta faɗa musu maganar da ta yi ta maimaitawa har ta bar aiki, cewa rabin jarrabawar nan ba ƙwaƙwalwar yaro take aunawa ba, falon ubansa take aunawa. Ta yi shekaru tana faɗa kafin aka fara sake irin tambayoyin. Fom ɗin ƙauye kuwa ba ta ƙara aiken kowa da shi ba, da hannunta take kaiwa.

Ranar jarrabawa da sassafe ina gaban gidanta kamar kullum, ina jiran ta wuce ni ta hau bas. Sai na ji an buɗe ƙofar baya. Ta ce, "Auta, Orozo." Shiryawarmu ke nan, ba ta ƙara komai ba. Yarinya ta zauna jarrabawar, ta ci, aka ɗauke ta a makarantar.

Amma fom shida ne, gurbi ɗaya aka samu. Sauran biyar ɗin Yaya ta rubuta sunayensu a takarda ta liƙa a gaban sitiyarina, ta ce kada in cire. Kowace Asabar in kai ta ƙauyen ta koya musu a gindin mangwaro. Uku sun zauna a shekara ta gaba, ɗaya ya ci. Biyu shekarunsu sun wuce, ba a ƙara barinsu ba. Ɗaya daga cikin biyun yana gyaran famfo a Karshi yanzu, yana da iyali, ya kuma iya aikinsa. In na hango shi nakan sake hanya. Mako biyu kafin rasuwar Yaya na je gaishe ta, tana kwance tana ta neman a tayar da ita zaune. Ta ce in kawo sunayen nan biyar. Na jero su ba tare da na tsaya ba. Ta ce yau dai Auta ya ci jarrabawa.

To wannan tsohuwa ce ta sauko daga bas ran sadakar uku. Ta ƙara rankwafawa, tana dogara sanda da hannu ɗaya, ga doya uku a ɗaure a kafaɗa. Jikar tana gefenta, babbar mace yanzu, mai aikin safiyo, tana auna ƙasar da kakanninta suka noma. Ta durƙusa ta ce mini Baba ya haƙuri, idanunta jajur. Ta san abin da na yi, ba ta taɓa nuna mini ba.

Da na iya bakina, da a nan labarin ya ƙare lafiya. Amma kwana uku ina neman abin yi da jikina, ga kuma mutane suna kallo. Na ruga na tare tsohuwar, na ce Mama kawo in taimaka miki. Na ciccibo doyar na ɗora a kaina, a kan hula, na ce yau dai bari in nuna muku yadda ake ɗaukar kaya, tun da har yanzu ba ku koya ba. Na yi nufin wasa ne, irin na waɗanda suka daɗe da sanin juna, ko ta yi dariya in ji ta yafe.

Ba ta yi dariya ba. Ta dube ni daga doyar har takalmi, irin kallon nan na shekarun baya, sai na gane ashe tun ranar amsar take hannunta tana jira. Tsohon darakta yana nan, maiɗakina tana leƙe ta labule.

"Ɗauka a kai, direba," in ji ta. "Naka babu komai a ciki da zai lalace."